Gadar sama ko motar haya: wa ake gina wa garuruwanmu?

Ɗan_Gezawa:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a mayar da ita rigimar jam'iyya. Tun daga gadar Ƙofar Nasarawa, duk gwamnan da ya hau a Kano sai ya yi gadar sama ko ta ƙasa: Kabuga, Ƙofar Ruwa, Dangi, doguwar nan ta Sabon Gari, ta Hotoro, sannan aka shiga Tal'udu da Ɗan Agundi. Ban ce ba aiki ba ne. To amma mu mutanen karkara da muke shiga birni a motar haya, wace wahala gadojin nan suka ɗauke mana? Jiran lodi yana nan. Kuɗin mota kullum gaba yake yi. Mutum ya taso daga wajenmu za shi asibitin Malam Aminu Kano, sai ya hau acaɓa zuwa bakin titi, ya hau mota zuwa 'Yankaba, ya nemi adaidaita, wani lokacin ma biyu. Ni dai a ganina don mai mota ake gina Kano, alhali yawancin masu shigarta kullum ko taya ba su mallaka ba. In akwai mai ganin ba haka ba ne, ya fahimtar da ni.

Direban_Wudil:
Wa alaikumus salam. Malam, da ka taɓa riƙe sitiyari a shatale-talen Hotoro kafin a yi gadar nan da ba ka faɗi haka ba. Tirela ta kunno kai ta nan, tanka ta can, mu mun taho daga Mariri, kowa ya cusa hanci, ba gaba ba baya. Sai ka ƙone man sawu guda a tsaye, fasinja na ta yi maka tsaki. Yanzu wucewa muke yi. Kuma su wa nake ɗauka in ba talakawan ba? Gada ba ta tambayar ko motar gida ce ko ta haya.

Ɗan_Gezawa:
To Direba, da gadar ta rage maka shan mai, ka rage wa fasinja ko sisi?

Direban_Wudil:
Wannan kuma ka tambayi waɗanda suka cire tallafin mai a 2023. Litar da muke sha ƙasa da naira 200, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Ni na ƙara?

Injiniya_Bichi:
Direba gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar mahaɗa ɗaya ce. Gada tana kwance cunkoson wurin da aka yi ta. Motocin da suka haye ta a guje kuwa ba ɓacewa suke yi ba, can gaba za su sake taruwa a danja ko shatale-tale na gaba, sai dai yanzu sun iso a tare. Shi ya sa da an gama wata sai ka ji an fara kiran a yi wata a gabanta.

Sannan akwai abin da ya fi wannan, wanda masu tsara birane suka daɗe da lura da shi. A birnin Houston na Amurka akwai wata babbar hanya, Katy Freeway. Aka kashe mata kusan dala biliyan 2.8, aka gama faɗaɗa ta a 2008, wasu wuraren in ka haɗa da hanyoyin gefe layi 26 ne. Ba a yi shekaru da yawa ba tafiyar safe da ta yamma ta sake tsawo. Dalili ba boyayye ba ne. Hanya ta yi sauƙi, sai mutane suka je suka sayi gidaje can nesa inda ƙasa ke da araha. Wanda a da yake sammako don ya kauce wa cunkoso ya daina. Wanda yake bin motar abokinsa ya fito da tasa. Titin ya sake cika da motocin da shi kansa ya jawo.

Mutanen Seoul a Koriya ta Kudu akasin haka suka yi. A 2003 suka rushe wata doguwar gadar sama a tsakiyar birni, suka buɗe rafin da aka binne a ƙarƙashinta, suka gyara tsarin bas ɗinsu. An yi ta cewa gari zai tsaya cak, bai tsaya ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Mutum 60 su shiga bas ɗaya. Su dai waɗannan, uku-uku a adaidaita, adaidaita 20 ke nan. In kowa da motarsa, ku auna da kanku.

Baƙon_Texas:
Injiniya ka taɓo inda nake zaune. Ni ɗan Ɗambatta ne, aiki ya kawo ni kusa da Dallas. Akwai wani gari a nan, Arlington, mutum kusan dubu 400, babu bas mai bin layi ko ɗaya, sai wasu ƙananan motoci da ake kira ta waya. In ba ka da mota a irin wannan wuri ka zama ɗan kurkuku. Burodi za ka saya, sai ka tayar da mota. Masallacin Juma'a, mota. Yaro za shi wajen abokinsa, sai uwarsa ta kai shi ta koma ta ɗauko shi. Tsoho in idonsa ya yi rauni aka karɓe lasisinsa, shi ke nan ya zauna a gida.

Kuma ba haka suka tashi suka gani ba, doka ce ta mayar da su haka. A yawancin garuruwansu an ware unguwar kwana daban, wurin shaguna daban, ba ka isa ka buɗe ɗan tireda a ƙofar gidanka ba. Duk mai gina kanti kuma dole ya bar filin ajiye motoci, sau da yawa filin ya fi kantin girma, sai komai ya yi nesa da komai. Los Angeles da ake misali da ita wajen cunkoso, a da tana da layukan jirgin cikin gari masu tsawon gaske, na ƙarshen waɗanda ake kira jajayen jirage ya tsaya a 1961, bayan dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta juya akalar kuɗi zuwa kwalta. Yau suna kashe biliyoyi suna sake shimfiɗa dogo.

Sarkin_Zolaya:
To Alhaji ka dawo Ɗambatta mana, ga Boxer na jiranka, mu kuma ka turo mana bizar mu je mu sha wahalar motar.

Maman_Sadiya_Gaya:
Ku maza kuna ta maganar wanda ke cikin mota. Ni ta wanda ke ƙasa zan yi. Tunda aka mayar da hanyar Kano zuwa Wudil har gaba tagwaye, ku je ku ga garuruwan da ta ratsa. Gari ɗaya ya zama biyu. Makarantar firamare na wancan hannu, gidaje na wannan hannu. Injin niƙa can, famfo nan. Motoci kuwa tunda sun ga hanya ta yi santsi ba sa ɗaga ƙafa. Ƙanwata a irin wannan garin take aure, kullum da safe sai ta bar abin da take yi ta tsallakar da yara, in an tashi ta sake komawa. Tsohuwa mai sanda fa, wa zai tsallakar da ita?

A birnin ma haka ne. Ka sauka a ƙarƙashin gadojin nan da goyo da ƙullin kaya, ka nemi inda za ka taka. Inda aka bari don masu tafiya a ƙasa, in ma an bari, masu kaya sun baje ko an faka mota a kai. Wanda ya zana aikin nan da gani bai taɓa tsallaka titi da yaro a hannu ba.

Direban_Wudil:
Hajiya wannan kam ba musu. Amma mutanen gari su ma su daina zuba mana tudun kankare ba alama ba fenti, da daddare sai dai ka ji mota ta yi sama.

Maman_Sadiya_Gaya:
Sai da aka kaɗe wani suka zuba shi, Malam. Ba don sha'awa ba ne.

Dattijon_MalamMadori:
'Ya'yana, ina karanta ku. Abin da kuke nema a ƙasashen Turawa mun gan shi a nan da idonmu. Dogo ya iso Kano a 1911, aka ja shi zuwa Nguru a 1930, ya bi ta Ringim, Gagarawa, nan Malam Madori, Birniwa. Garin nan namu jirgi ne ya raya shi, don nan ne tashar da Haɗeja take kawo gyaɗarta. Muna yara, mutum zai shiga da buhunsa da akuyarsa ya sauka a tsakiyar Kano, daga tasha ya taka zuwa Sabon Gari ko Kantin Kwari da ƙafarsa. Ba shi da sauri, wani lokacin ka wuni kana jiransa, wannan gaskiya ne. Amma kuɗinsa talaka na iya biya, kuma kaya masu nauyi a kansa suke tafiya, ba a kan kwalta ba.

Da aka saki jirgi, komai ya koma kan titi: hatsi, shanu, siminti, har fetur. Abin da ya faru a Majiya a watan Oktoban 2024, da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, mutum sama da ɗari suka rasu, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Allah ya jiƙansu.

Malamar_Taura:
Amin Baba. Allah ya kyauta namu ƙarshen.

Ɗan_Kazaure:
Amin. Amma Baba ai jirgin na dawowa. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kusan kilomita 284, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi, kuma akwai reshen da zai tafi Dutse. Mu nan muna ganin aikin da idonmu.

Ma'aikaci_a_Dutse:
@Ɗan_Kazaure Allah ya sa a gama lafiya. Abin da zan ce a duba shi ne inda tasha za ta zauna da abin da zai kai mutum can. Na yi zaman Abuja. An buɗe jirgin cikin gari a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, sai Mayun 2024 ya dawo. Amma ina ma'aikatan Abuja suke kwana? Nyanya, Mararaba, Masaka, Suleja. Jirgin bai je Nyanya ba, bai je Mararaba ba. Kullum da asuba hanyar nan a cushe take, mutane na tsaye bakin titi suna tare motocin gida. An zana gari mai faɗin tituna, aka hana acaɓa a tsakiyarsa tun 2006, amma talakan da zai share ofis ɗin ba a yi masa wurin kwana kusa ba.

Dutsen ma da muke ciki, a ƙaramin mataki, hanyar take bi. Tunda ta zama babban birnin jiha a 1991 ake ta buɗe tituna, kuma wallahi sun yi kyau, ba cunkoso. Sai dai komai a warwatse. Kana Garu, aikinka na sakatariya, yaronka na makaranta wajen Takur, cefane kuma wani wuri. Mai mota yana jin daɗin garin ƙwarai. Ƙaramin ma'aikaci kuwa acaɓa ke cinye albashinsa. Ranar Juma'a da yamma kuma a kwashe a tafi Kano da Haɗeja da Gumel, garin ya yi tsit.

Jan_Hula_Har_Abada:
Duk wannan dogon turanci ne. A faɗi gaskiya, wa ya fara kawo gadar sama Kano? Wa ya yi titin kilomita biyar a ƙananan hukumomi? Ku faɗa mana!

Ɗan_Baba_Ne_Ni:
Wa kuma ya ƙarasa waɗanda aka bari, ya yi ta Dangi da ta Hotoro?

Admin:
Ku biyun nan, mai tambaya ya roƙa tun farko. Duk wanda ya sake kawo hula ko jam'iyya zan goge. A ci gaba.

Malamin_Firamare_Ɓaɓura:
Tunda an ambaci kilomita biyar, bari in ce wani abu ba na siyasa ba. Tunanin a kawata hedikwatar ƙaramar hukuma da tagwayen titi da fitilu ba laifi ba ne, ko da yake a wurare da dama aikin ya yi shekaru a tsaye bayan an riga an rushe wa mutane gaban gida. Amma ni da za a tambaye ni, da kuɗin tagwayen kilomita biyar a cikin gari gara burji mai kyau da kwalbatoci zuwa ƙauyukan da damina ke yankewa. Cikin garin ai da ƙafa muke zaga shi.

Kuma wannan ne abin da nake so Baƙon_Texas ya lura. Abin da suke kuka sun rasa, mu muna da shi ba mu san darajarsa ba. A ƙauye masallaci, makarantar allo, mai shayi, mai kemis, gidan mai unguwa, duk taku kaɗan ne. Cikin badalar Kano ma haka aka gina ta, lunguna masu inuwa, kasuwar Kurmi a tsakiya. Yanzu fa? Za a yi sabuwar sakandare, sai a kai ta bayan gari inda fili yake kyauta. Asibiti, bayan gari. Sabuwar kasuwa, bayan gari. Ranar buɗewa manya su zo a mota su yanka kyalle su tafi. Yarinya 'yar aji ɗaya ita za ta dinga taka wannan nisan a rana, in iyayenta suka gaji da kuɗin mashin su ce ta zauna.

Ɗan_Acaɓa_Ringim:
Kowa na zaginmu amma kowa mu yake hawa. Ni a Kano nake aiki har Janairun 2013 da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero hari, aka hana goyo a mashin a cikin birni. Da yawanmu gida muka dawo. Yau a ƙauye in ka cire mashin me ya rage? Mu ne motar asibiti, mu ne motar amarya, mu ke kai buhu bakin titi. Na sha ɗaukar mace tana naƙuda, wata ta riƙe ta a baya, cikin yashi, da tsakar dare. Ba don ina so ba, babu wata hanyar ce. Ku da kuke maganar bas mai mutum 60, ta ina zai bi ya zo garinmu?

Injiniya_Bichi:
Ba zai zo ba, kuma bai kamata ya zo ba. Aikinka ne ka kawo mutum bakin titi, wannan ba mai ƙwace maka. Abin da ya ɓace shi ne abin da zai tarar a bakin titin: mota mai lokaci, wadda in an ce ƙarfe bakwai to bakwai ɗin ne, ko ta cika ko ba ta cika ba, kuma ta shige da shi har tsakiyar birni ba tare da an sauke shi a bakin gari ba.

Direban_Wudil:
Injiniya, in tashi ban cika ba wa zai biya ni kujerun da suka rage? Ga kuɗin yuniyon, ga ɗan kamasho, ga mai mota na jiran balas da yamma. Lodi ba mugunta ba ce.

Injiniya_Bichi:
Tambayar ke nan, kuma amsarta ita ce duk maganar. A inda abin ya yi aiki, hukuma ba ta barin direba ya rayu da kan fasinja. Kwangila ake yi da kamfani ko ƙungiyar direbobi, a biya su gwargwadon kilomitar da suka yi a kan lokaci, kuɗin tikiti kuma ya shiga asusu ɗaya. Ka ga direba ba shi da dalilin tsayawa jiran lodi ko tsere da ɗan'uwansa don fasinja ɗaya. Curitiba a Brazil suka fara ware wa bas layinsa shi kaɗai a 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, kuma suka ce manyan gine-gine a jikin layin za a yi su, don fasinja ya kasance kusa. Bogota ta Kolombiya ta bi a 2000, Legas a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, Darussalam ta Tanzaniya a 2016. Kano kuwa kamar don wannan aka yi ta: titin Zariya, titin Katsina, titin Haɗeja, titin Gwarzo, titin Maiduguri, duk sun nufi tsakiya. A ɗauki layi ɗaya a kowanne a ce na bas ne. Matsalar, layin nan daga hannun masu motar gida za a karɓe shi, su ne kuma masu sa hannu a takarda.

Mai_Adaidaita_Jogana:
To mu kuma mu ci me? Kun san yawan gidajen da adaidaita ke ciyarwa a Kano? Tun zamanin Malam Shekarau da aka kawo ta don ɗaukar mata, yau ita ce ke ɗauke da garin gaba ɗaya. A ƙarshen 2022 ai an gwada, aka kawo bas-bas na Kanawa aka ce mu bar wasu manyan tituna. Mutane suka yi cirko-cirko a bakin hanya, ba a je ko'ina ba aka janye dokar. Bas ɗin bai isa ba. Ku fara kawo abin da zai ɗebi jama'a tukuna, sannan ku zo mu zauna. Kuma in za a ɗauki direbobi da kwandastoci, daga cikinmu za a ɗauka.

Alhaji_Gumel:
Ni fa ina ganin a daina wahalar da kai, jirgi shi ne magana. Duk wanda ya yi aikin hajji ya ga jirgin da ke kai alhazai Mina da Muzdalifa da Arfa tun 2010. Riyadh da kowa ya san garin mota ne, mai kuma ga shi da araha, su ma sun gaji sun buɗe nasu a Disambar 2024, layi shida, kilomita 176.

Sarkin_Zolaya:
Alhaji, da wace wutar? Mu da muke cajin waya a shago.

Dillalin_Filaye:
Na ga kamar ana zagaye-zagaye za a zo kanmu, gara in riga ku. E, muna yanka gonaki. Magada ne suke zuwa su ce a raba musu, ko manomi zai aurar da 'ya ko zai biya kujerar Makka. Mutumin birni kuma haya ta kore shi, yana neman inda zai kafa ɗaki biyu. Fulotin gwamnati mai takarda ya fi ƙarfinsa, kuma jiransa sai mai haƙuri. To awon igiya ne ya rufa wa talaka asiri. Ku je Rimin Kebe, ku je bayan Dorayi, ku bi hanyar Gezawa, da ba don mu ba ina mutanen nan za su zauna?

Ɗan_Gezawa:
Yawwa, ka kawo mu gida. Ba a ce kada a yanka ba. Amma don a samu ƙarin fuloti biyu sai a matse hanya ta zama lungun da ko kurkura ba ta juyawa. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba magudanar ruwa, maƙabarta ma sai an yi faɗa. Gonakin da muka yi noma a ciki muna yara yanzu duk gidaje ne, kuma duk wanda ke cikinsu a birni yake neman abinci. Da safe su fito su cika titin Haɗeja, da yamma su dawo. Gobe a ce cunkoso ya yi yawa a yi gada. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ƙasa tana gona ya kamata a ja layi a ce nan hanya ce mai faɗi, ko shekara goma za ta yi ba kwalta, kowa ya san ba a gini a kanta.

Dillalin_Filaye:
Wa zai biya mai gonar diyyar hanyar? Kai za ka yarda a cire kashi ɗaya cikin huɗu na gadonka kyauta?

Injiniya_Bichi:
Fulotin da ke bakin hanya mai faɗi ya fi na ƙuryar lungu tsada, kai ka fi ni sani. Abin da aka rasa a faɗi ana mayar da shi a farashi. Amma gona ɗaya ba ta iya wannan ita kaɗai, sai an haɗa gonaki da yawa an zana su tare, kuma nan ne aikin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, da dagatai da masu unguwanni, tunda ba a cinikin fili ba da saninsu ba. Tsari a takarda kam Kano ba ta rasa ba, tun wanda masanin tsara birane Trevallion ya zana na 1963 zuwa 1983. Gari ne ya fi takardar sauri.

Malamar_Taura:
Ba wanda ya ambaci keke. Iyayenmu da shi suka yi fatauci. Mutanen ƙasar Holan da ake ta nunawa a bidiyo a kan keke su ma a da sun cika garuruwansu da motoci, sai da mutuwar yara a titi ta yi yawa iyaye suka fito zanga-zanga, ga matsalar mai ta 1973, sannan suka mayar da hankali wajen ware wa keke hanyarsa. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba gangare. Tun tashin mai ɗalibaina maza da yawa sun koma keke.

Maman_Sadiya_Gaya:
Maza kika ce ai. Ki ɗora budurwa a keke a garinmu ki ji abin da za a faɗa. Ga rana, ga bishiyoyin bakin hanya duk an sare su wajen faɗaɗa titi ba a dasa wasu ba.

Ɗan_Bagwai:
Ku yi haƙuri in dawo da ku baya kaɗan, wajen maganar Malamin Ɓaɓura. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, sama da mutum ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Mutane na shiga ruwan ne don zagayen ta ƙasa ya yi nisa. Mu a wajenmu in aka ce sufuri, wannan muke tunawa, ba danja ba.

Dattijon_MalamMadori:
Allah ya gafarta musu. Ka yi gaskiya ɗana.

Baƙon_Texas:
Amin. Abu ɗaya zan ƙara. Su a nan kusan kowane gida da mota, duk da haka tsarin ya gallabe su. Mu da yawancin gidaje ba su da ita, in muka kwafi zanensu ba mu kwafi aljihunsu ba, wahalar ninki biyu ce.

Direban_Wudil:
Ni dai har yanzu ina kan bakata, gadar Hotoro ta yi amfani. Amma Injiniya, wannan maganar ta a biya mu da kilomita, in da gaske ne za a biya a kan lokaci ba sai mun yi wata uku muna bin bashi ba, ni zan fara sa hannu. Sai dai a bar mana ranar Juma'a, don ranar kasuwar Wudil ba mai tashi da kujera ko ɗaya a buɗe, har but sai an cika.

Mai_Adaidaita_Jogana:
Kai ka sa hannu, motarka ta mutum goma ce. Ni da nake biyan balas kullum a kan ƙafa uku ba wanda ya amsa mini tambayata har yanzu.

Ɗan_Gezawa:
@Injiniya_Bichi ga mai adaidaita yana jiranka. Sannan tambayar Dillali ta diyya ma ban ga an warware ta ba, don a wajenmu dagaci da kansa yana da kaso a cinikin.

Injiniya_Bichi:
Ina kan hanya, cajina ya kusa ƙarewa. In na isa gida bayan isha'i zan yi bayanin yadda aka yi da direbobin ƙananan bas a Legas da Bogota, don ba duka ne ya tafi daidai ba.